Baƙon mai haƙar zinare a boren Eureka: yadda ya rayu da inda ya ƙare

Tambaya: Malam, salamu alaikum. Na ji a rediyo cewa a Ostareliya har yau ana tunawa da wasu baƙi masu haƙar zinare da suka yi wa hukuma bore a ƙarni na 19. Ƙanena yana haƙa a arewacin Nijar, shi ya sa labarin ya tsaya mini a rai. Yaya rayuwar baƙo take a wancan dajin, me ya kai shi ga ɗaukar makami, kuma me ya samu daga baya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya tsare ƙanen naka, ya fito da shi lafiya da arzikinsa. Abin da ka ji labarinsa shi ne boren Eureka, wanda ya auku a fagen haƙa na Eureka da ke Ballarat, cikin yankin Biktoriya a kudu maso gabashin Ostareliya, da asubahin Lahadi 3 ga Disamba 1854. Faɗan kansa bai kai rabin sa'a ba. Abin da ya haife shi kuwa ya yi shekara uku yana taruwa, kuma tushensa haraji ne da aka ɗora a kan mutum maimakon a kan zinaren da ya samu, sannan aka riƙa karɓarsa ta hanyar wulaƙanci. Zan bi rayuwar mutum ɗaya da muka san labarinsa sosai, wani Ba'italiye mai suna Raffaello Carboni, domin ya haƙa da hannunsa, ya tsaya gaban alƙali da ransa a hannu, kuma ya rubuta abin da ya gani. Wasu biyu za su shigo a hanya, domin baƙi ba su ci riba iri ɗaya ba.

An gano zinare a Biktoriya a tsakiyar 1851, watanni kaɗan bayan an gano shi a maƙwabciyarta New South Wales. A lokacin mutanen yankin duka ba su wuce dubu 77 ba. Kafin 1861 sun haura rabin miliyan. Mafi yawa daga Ingila, Ayalan, Sikotilan da Wels suka fito, sai Jamusawa, Amurkawa da suka riga suka ɗanɗani haƙa a Kalifoniya, Italiyawa, Faransawa, baƙar fata daga Amurka da Jamaika, daga baya kuma dubban Sinawa daga lardin Kanton. Jirgin ruwa mai filafilai yakan yi wata uku zuwa huɗu daga Ingila. In mutum ya sauka Melbon, babban birnin yankin, sai ya tarar babu ɗakin haya, ya kwana a unguwar tantuna a bakin kogin Yarra, ya sayi diga da shebur da tasa da bargo a kan tsadar da bai taɓa ji ba, sannan ya taka kilomita sama da 100 zuwa Ballarat. Ƙasar da ya je ya kafa tanti a kanta kuwa tana da masu ita, mutanen Wadawurrung, waɗanda makiyayan tumaki Turawa suka riga suka ture kafin masu haƙa su zo su sare itatuwa su gurɓata rafuka. Ba a tambaye su ba, kuma cikin duk buƙatun da masu bore suka rubuta daga baya babu layi ɗaya game da su.

An haifi Carboni a Urbino a 1817. Ya yi karatu, ya yi aikin akawu a wani banki a Rum, ya shiga cikin matasan da ke neman haɗa kan Italiya da korar mulkin baƙi, ya yi yaƙi a Rum a 1849 aka ji masa rauni. Da tafiyar ta rushe ya tsere Landan yana koyar da harsuna, domin bayan Italiyanci yana jin Faransanci, Jamusanci, Sifaniyanci da Ingilishi. Labarin zinare ya ja shi Melbon a 1852. Ka lura da wannan, domin irinsa suna da yawa a Ballarat: mutanen da suka riga suka ga yadda aka murƙushe juyin 1848 a Turai, da 'yan Ayalan da suka fito daga yunwar dankali, da 'yan Ingila da suka yi shekaru suna neman ƙuri'a ga talaka aka hana su. Sun zo neman kuɗi, amma sun zo da tsohon ciwo, kuma sun san yadda ake kiran taro da rubuta takardar koke.

A farkon haƙa zinaren yana kusa da sama, mutum ya ɗebi ƙasa ya wanke a rafi ya ga rabonsa a ranar. Zuwa 1854 wannan ya ƙare a Ballarat. Abin da ya rage yana kwance a gindin tsofaffin koguna da ƙasa ta binne tun zamanin da, kuma kafin a kai gare shi sai an nutsa rami da ya wuce ƙafa 100. Mutum ɗaya ba zai iya ba, sai a haɗu mutum huɗu, shida, takwas ko fiye. Wasu su shiga daji su tsago katako don tokare bangon rami, wasu su juya sandar jan guga a baki, ɗaya ko biyu su kasance a ƙasa cikin laka. Ruwa yana tsattsafowa dare da rana, saboda haka kwalfa ba ta tsayawa. In aka yi barci aka bar shi, aikin mako guda ya nutse. Iskar ƙasan rami tana iya kashe mutum, sai su kafa wani yadi kamar filafilin jirgi a baki yana tura iska ciki. A haka za a yi wata shida ko fiye ba a ga ko ƙwaya ba. Mafi cin rai shi ne babu wanda ya san inda tsohon kogin ya karkata. Kuna iya kaiwa gindi ku tarar hanyar zinaren ta bi ta ramin maƙwabta, tazarar taku kaɗan, su su kwashi arziki ku ku fito da bashi. Shi ya sa wasu suke kama fili su zauna a kansa suna ɗan tono sama-sama don kada a ƙwace, suna jiran su ga ina hanyar ta nufa kafin su zuba ƙarfinsu.

Wa yake ciyar da mutum a cikin watannin nan? Sau da yawa mai kanti ne, ya ba da gari da shayi da sukari da igiya bashi, a yanka masa kaso in rami ya yi kyau. Ƙanenka zai gane wannan tsarin ba sai an yi masa bayani ba. Abinci kusan kullum ɗaya ne: naman tunkiya, burodin da ake gasawa cikin toka, da baƙin shayi. Ruwan sha gurɓatacce ne, atini da taifot suna ɗaukar manya da yara, ƙuda da ƙura suna kawo ciwon ido a lokacin zafi, a lokacin sanyi kuwa tanti ba ya tare komai. Akwai dubban mata da yara a wurin, suna wanki da ɗinki da sayar da abinci da riƙe kantuna, kuma gidaje da yawa da kuɗin matar suka rayu har rami ya kai gindi. Carboni ya ɗan samu a farko, sannan abin ya tsaya. Ya bar haƙa ya tafi kiwon tumaki na wani lokaci, ya ɗan zauna tare da 'yan asalin ƙasar, sai zinare ya sake kiransa ya koma Ballarat.

Yanzu ɗora lasisi a kan wannan rayuwar. Tun Satumba 1851 gwamnatin Gwamna La Trobe ta sa kowane mai haƙa ya biya sule 30 a wata, a biya tun kafin a fara, ka samu ko ba ka samu ba. Fam 18 ke nan a shekara, don fili mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi. A daidai lokacin manyan makiyaya suna riƙe da dubban eka a kan lasisin fam 10 a shekara da ɗan harajin dabbobi, kuma su ne suka cika majalisa. Mai haƙa ba shi da wakili, kuma in ya tara ɗan kuɗi yana son sayen gona ya zauna, ƙasar tana kulle a hannun makiyayan. Hukuma tana da hujjarta, ba zan ɓoye ba: jama'a sun ninka cikin ƙanƙanen lokaci, ana buƙatar hanyoyi da 'yan sanda da kotuna. Amma akwai wata manufa da ba a ɓoye ba ita ma, wato a tsananta kuɗin domin leburori su gaji su koma gonakin iyayen gidansu. Wanda ya yi sa'a bai ji nauyin lasisi ba. Wanda ya yi wata biyar cikin laka yana cin bashi, shi ne aka fi matsa wa.

Yadda ake karɓa ya fi kuɗin ciwo. Dole takardar ta kasance a jikinka kowane lokaci, alhali a ƙasan rami mai ruwa takarda narkewa take yi. In ka bar ta a tanti aka kama ka, daidai kake da wanda bai biya ba. 'Yan sanda kan dawakai da na ƙasa masu banati sukan kewaye wuri, su sa a fito da kowa daga rami, wani lokaci mutum ɗaya a tsayar da shi sau biyu ko uku a yini. Tarar farko fam 5 ce, rabinta kuma na wanda ya yi kamun, ka ga ke nan an mayar da ɗan sanda mafarauci. Da yawa cikinsu tsofaffin fursunoni ne daga tsibirin Tasmaniya, domin 'yan sandan kirki sun ajiye kaki sun tafi haƙa su ma. Inda ɗakin tsarewa ya cika, akan ɗaure mutane da sarƙa a jikin gungumen itace. Da an hango su tafe sai ihun "Jo! Jo!" ya tashi daga rami zuwa rami, marasa takarda su faɗa daji ko su ɓuya a ƙasa. Carboni ya ce abin ya tuna masa da mulkin sojan Ostiriya a ƙasarsu, wanda ya ƙetare teku don ya rabu da shi.

Kada ka ɗauka sun fara da bindiga. A Disamba 1851 gwamnati ta so ninka kuɗin zuwa fam 3, dubbai suka taru a Forest Creek, aka janye. A 1853 masu haƙa na Bendigo suka kai wa gwamna doguwar takardar koke mai dubban sa hannu, suka ɗaura jan ƙyalle a huluna alamar ba za su biya cikakken kuɗi ba. Aka rage zuwa fam 1 a wata, fam 2 a wata uku, fam 8 a shekara. Da sabon gwamna Charles Hotham, hafsan sojan ruwa, ya iso a Yuni 1854, masu haƙa sun tarbe shi da murna suna zaton mai gyara ne. Ya tarar baitulmali da giɓi mai girma, sai ya ba da umarni a riƙa farautar lasisi sau biyu a mako.

A Oktoba abubuwa biyu suka faru a Ballarat cikin kwanaki kaɗan. Ran 7 ga wata aka kashe wani matashi ɗan Sikotilan, James Scobie, kusa da otal ɗin Eureka. Kowa ya nuna mai otal ɗin, James Bentley, amma alƙalin da ya saurari maganar, John D'Ewes, wanda ake zargin suna da hulɗar kuɗi, ya sallame shi. Sannan wani ɗan sanda ya doki Johann Gregorius, naƙasasshe ɗan Armeniya mai yi wa limamin cocin Katolika hidima, a kan lasisin da doka ba ta ma ɗora masa ba, kuma shi aka kai kotu aka ci tara. Wannan ya harzuƙa 'yan Ayalan, waɗanda su ne suka fi yawa a ramukan Eureka. Ran 17 ga Oktoba taro ya rikiɗe, aka ƙone otal ɗin ƙurmus. Daga baya an sake shari'ar Bentley aka ɗaure shi shekara uku, aka kori D'Ewes daga aiki, amma an kuma tsamo mutum uku daga cikin dubban da ke wurin gobarar aka ɗaure su.

Ran 11 ga Nuwamba mutum wajen dubu goma suka taru a tudun Bakery suka kafa ƙungiyar neman gyara ta Ballarat, sakatarenta John Basson Humffray, mutumin Wels wanda bai yarda da ɗaukar makami ba har ƙarshe. Buƙatunsu sun wuce lasisi: ƙuri'a ga kowane namiji baligi, a daina sharaɗin mallakar dukiya kafin tsayawa takara, a riƙa biyan 'yan majalisa albashi don talaka ya iya zama, a gajarta wa'adin majalisa. Wakilansu sun gana da Hotham ran 27 ga wata a kan sakin mutum ukun. Ya ce sun zo masa da umarni maimakon roƙo, ya ƙi, ya ƙara tura soja. Ran 29 aka sake taro, aka ɗaga shuɗiyar tuta mai farin gicciye da taurari biyar, wasu suka jefa lasisinsu a wuta. Carboni ya hau mumbari ran nan ya kira jama'a, ba tare da duba ƙasa ko addini ko launin fata ba, su gaida tutar a matsayin mafakar duk wanda aka zalunta. Washegari kwamishinan fagen zinare Robert Rede, wanda ya san abin da aka yi jiya, ya aika a yi farautar lasisi. Aka yi jifa, aka yi harbi, aka kama mutane. Tura ta kai bango.

Da jama'a suka koma tudun da yammacin ranar, shugabannin da aka saba ji ba sa nan. Wanda ya hau kututture da bindiga a hannu wani ɗan Ayalan ne mai shekara 27, Peter Lalor, injiniya, ɗan tsohon ɗan majalisar Ingila, ƙanen wani sanannen ɗan gwagwarmayar ƙasarsu. Ya iso Melbon a 1852, ya yi aikin layin dogo da ɗan kasuwanci kafin ya shiga rami. Ya rantsar da ɗaruruwa a ƙarƙashin tutar cewa za su tsaya wa juna da gaskiya, su yi faɗa don kare haƙƙinsu da 'yancinsu. Suka koma Eureka suka kewaye fili kamar eka ɗaya da katakon tokare rami da kekunan shanu da aka kifar. Wani maƙeri Bajamushe ya zauna yana ƙera mashi ga waɗanda ba su da bindiga. Carboni yana cikin majalisar shugabanni, kuma aikinsa shi ne tafinta tsakanin Lalor da baƙin da ba sa jin Ingilishi.

A wani lokaci mutanen cikin shingen sun haura dubu. Zuwa daren Asabar ba su wuce 150 ba ko kusa da haka. Babu isasshen abinci, babu harsashi, babu wurin kwana, kuma kowa ya ɗauka soja ba za su kawo hari ran Lahadi ba, sai mutane suka koma tantunansu. Rundunar 'yan Kalifoniya, wadda ta fi kowa bindigogi, yawancinta ta fita tarar sojojin da aka ce suna tafe daga Melbon. Kalmar sirrin da aka zaɓa ran nan sunan wani fagen yaƙin 'yan Ayalan da Ingila ne na 1798, kuma ana ganin hakan ya sanyaya gwiwar wasu da ba su zo don rigimar Ayalan ba. 'Yan leƙen asirin hukuma suna ciki suna kai rahoto. Kafin gari ya waye soja da 'yan sanda 276 ƙarƙashin Kyaftin Thomas suka faɗa musu. Jerin da Lalor ya fitar daga baya ya nuna masu haƙa 22 sun mutu, kuma masana da yawa suna ganin sun fi haka, domin wasu sun mutu a ɓoye da raunukansu. Soja biyar ko shida suka mutu, har da Kyaftin Wise. Abin da ya fi ɓata sunan hukuma shi ne abin da 'yan sandan dawaki suka yi bayan an gama: sukar masu rauni, cinna wa tantuna wuta, sarar mutanen da ba su ma shiga shingen ba.

Carboni ba ya ciki lokacin harin. Yana tantinsa a kusa, ya ga abin da idonsa, ya fito yana taimakon masu rauni, a nan aka kama shi tare da mutum sama da ɗari. Lalor kuwa harsashi ya farfasa masa hannun hagu, abokai suka ɓoye shi ƙarƙashin tarin katako, aka yanke hannun a gidan limamin coci, aka fitar da shi a ɓoye zuwa Geelong wurin budurwarsa Alicia Dunne, alhali an sa ladan fam 200 a kansa. Ba wanda ya tona shi.

A ganina, kuma na daɗe ina juya wannan magana, shingen nan ba dabarar yaƙi ba ce, fushi ne na mutanen da aka ƙure. Humffray ya yi gaskiya da ya ƙi ɗaukar makami, domin katako da mashi ba za su tare sojan Ingila ba, kuma Hotham ya riga ya sanar da kwamitin binciken fagagen zinare tun tsakiyar Nuwamba. Amma ban yarda gyaran zai zo da sauri da zurfi haka ba in da jinin bai girgiza Melbon ba. Cikin kwanaki jama'ar birnin suka yi taruka suna la'antar gwamnati, babban sakataren mulki John Foster ya sauka. Inda aka ci nasarar gaske shi ne kotu.

An tuhumi mutum 13 da cin amanar Sarauniyar Ingila, laifin da hukuncinsa rataya ne. Wanda aka fara gurfanarwa a Fabrairu 1855 shi ne John Joseph, baƙar fata ɗan Amurka. Ƙaramin jakadan Amurka a Melbon ya yi ƙoƙari an saki fararen Amurkawan da aka kama, shi kuwa bai waiwaye shi ba, kuma ana kyautata zaton masu gabatar da ƙara sun sa shi gaba ne suna ganin masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu Turawa, ba za su ji nauyin rataye baƙin mutum ba. Lauyoyi suka tsaya masa kyauta. Cikin ɗan lokaci aka ce ba shi da laifi, kotu ta ɓarke da tafi har alƙali ya ɗaure mutum biyu mako guda, jama'a suka ɗauke shi a kan kujera suka zaga titunan Melbon. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya, har da James Campbell, baƙar fata daga Jamaika, da Jan Vennik ɗan Holan. An wanke Carboni a Maris bayan ya yi sama da wata uku a tsare. An wanke 12, aka janye tuhumar ɗaya. Wanda kawai aka yanke wa ɗauri a kan boren kansa shi ne Henry Seekamp, editan jaridar Ballarat, saboda abin da ya rubuta, matarsa Clara ta ci gaba da fitar da jaridar.

Nan ne nake so ka yi hattara wajen kwatanta su da masu haƙa a Jado ko Tchibarakaten na arewacin Nijar tun 2014. Ramin, bashin, rabon kaso da tsadar ruwa duk sun yi kama. Amma yawancin mutanen Ballarat talakawan Sarauniya ɗaya ne da gwamnan, da yawa sun iya karatu, suna da jaridu, kuma doka ta tilasta a kai su gaban mutum 12 'yan gari waɗanda suka ƙi ba gwamnati abin da take so. Baƙon da ke haƙa a ƙasar da ba tasa ba, babu takarda, babu kotun da za ta saurare shi, ba ya tsaye inda suka tsaya.

A Maris 1855 kwamitin ya ba da rahoto. Aka soke lasisi, aka kawo takardar haƙƙin mai haƙa ta fam 1 a shekara, wadda ta ba mai ita damar jefa ƙuri'a. Kuɗin da gwamnati ta rasa aka mayar da shi harajin sule biyu da sisi a kan kowace oza ta zinare da za a fitar daga ƙasar, wato mai samu shi ke biya. Aka rushe ofishin kwamishinonin zinare, aka kafa kotunan gida da masu haƙa ke zaɓar membobinsu. Biktoriya ta fara zaɓen sirri a 1856, ta ba kowane namiji baligi ƙuri'ar majalisar wakilai a 1857. Hotham bai ga waɗannan biyun ba, ya rasu a ranar ƙarshe ta 1855.

An zaɓi Carboni cikin kotun gida ta Ballarat a Yuli 1855. Ya rubuta littafinsa a kan boren, wanda shi ne cikakken labari guda da ganau ya bari, ya tsaya da kansa yana sayar da shi a wurin da aka yi faɗan ranar da aka cika shekara. A farkon 1856 ya bar Ostareliya bai sake komawa ba. Ya yi yawo a gabas, ya koma Italiya, ya yi aikin tafinta a tafiyar Garibaldi, jagoran yaƙin haɗa kan Italiya, a Sisili a 1860, ya ga haɗin kan ƙasar da ya zubar wa jini. Ya ƙarasa rayuwarsa yana rubuta wasannin kwaikwayo da ba su samu karɓuwa ba, ya rasu cikin talauci a wani asibiti a Rum a Oktoba 1875. John Joseph ya rasu a Bendigo a 1858, aka binne shi babu alama, sai a 2023 jakadiyar Amurka ta lokacin, Caroline Kennedy, ta je aka sa wa kabarinsa allo.

Akwai baƙin da gyaran ya zame wa sabon nauyi. Kwamitin da ya soke lasisi shi ne ya ba da shawarar a taƙaita shigowar Sinawa, kuma a 1855 aka sa harajin fam 10 a kan kowane Basine da ya sauka a tashar Biktoriya. Don kauce masa jirage suka riƙa sauke su a Robe, cikin Ostareliya ta Kudu, dubbai suka taka ɗaruruwan kilomita da kaya a kafaɗa zuwa Ballarat da Bendigo. A Yuli 1857 Turawa masu haƙa suka far musu a kogin Buckland suka ƙone sansaninsu. Aka ƙara musu harajin zama wanda ba a ɗora wa kowa ba sai su. Su ma sun yi nasu boren, ba da bindiga ba: takardun koke zuwa majalisa, taruka a Castlemaine da wasu garuruwa, da ƙin biya a dunƙule a 1859, har aka ci da yawa tara aka ɗaure wasu. Hujjarsu ita ce dai ta mutanen Eureka, amma kaɗan ne cikin waɗanda suka rantse a tudun Bakery suka tsaya musu, kuma wannan yana ɓata mini rai duk lokacin da na karanta kiran da Carboni ya yi a kan launin fata.

Lalor shi ne ya hau. An zaɓe shi majalisa a Nuwamba 1855 tare da Humffray, da hannu ɗaya, jama'a suna ɗaukarsa gwarzo. Ba a daɗe ba ya goyi bayan dokar zaɓe da ta fifita masu dukiya da dokar ƙasa da ta yi wa manyan makiyaya daɗi, mutanen Ballarat suka juya masa baya, ya koma tsayawa a wata mazaɓa. Ya zama mai hannun jari a kamfanonin haƙa, domin zuwa lokacin zinaren ya yi nisan da sai injin da jari, kuma masu ramin kansu na da sun zama leburorin albashi. A 1873 ma'aikatan ramin Lothair a Clunes suka shiga yajin aiki a kan ƙarin lokutan aiki na ƙarshen mako, kuma Lalor yana cikin daraktocin kamfanin. A Disamba kamfanin ya ɗauko Sinawa daga Ballarat da rakiyar 'yan sanda don su karya yajin, ma'aikata da matansu suka tare hanya da shinge da duwatsu suka mayar da su. Lalor ya riƙe muƙaman minista, ya zama kakakin majalisar wakilai daga 1880 zuwa 1887, ya rasu a Melbon a Fabrairu 1889.